Benci Bai Tsinke Birki Ba

Zuwa ga Manajan kamfanin inshorar motoci da ke Inugu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Garba mai manja na unguwar Obiagu, mai babbar motar da ta faɗi a tudun Milikin da daminar nan. Na yi sawu ofishinka har masinja ya daina ɗaga kai, shi ya sa na kawo kukana jarida.

Na farko, kun ce ba za ku biya komai ba, wai na kafa benci a motar kaya, don haka ta zama ta fasinja, inshorata ta faɗi. Ban musa benci ba. A al'adarmu, mace mai cikin fari gidan iyayenta take zuwa ta haihu. Motata tana kai manja garin Lafiya, matan unguwa masu tafiya gida haihuwa kan bi ta, suna zama a kan garwa. Ganin haka na sa kafinta ya buga katako biyu da majingina. Ban taɓa karɓar kobon kowa ba.

Na biyu, wakilinku da ya zo sabunta takarda bara, a kan wannan bencin ya zauna, ya ci gorona, ya yaba aikin kafinta. Bai ce in sanar da ku ba. Takardar kuma da Turanci take, rubutun kamar ƙafar tururuwa, ba wanda ya karanta mini. Da ya yi mini kalma ɗaya, da a ranar zan cire, ko in biya ƙarin da kuke so.

Na uku, birki ne ya tsinke, makanikenku ma ya shaida. Benci me ya yi?

Ranka ya daɗe, a kan bencin nan Halima take zaune, matar maƙwabcina Malam Audu mahauci, da cikin wata takwas. Ni na ce masa ya kwantar da hankali, tamkar a ɗakinta take. Cikin ya zube. Yau tana kwance a asibiti da mummunan rauni a ƙafa, likita ya ce in ba a yi aiki da wuri ba, ƙafar sai yankewa. Na sayar da ragowar motar da sauran manjana, bai isa ba. Zuciyata ta karye, ba na iya barci.

Roƙona biyu ne. Kuɗin motar na yafe muku, ku biya aikin ƙafar Halima. Sannan ku sa wakilanku su riƙa gaya wa mutane da bakin da suke ji cewa ƙara ko katako ɗaya yana kashe inshora.

Malam Audu bai taɓa yi mini maganar ba. Kullum in mun fito masallaci shi yake fara miƙo mini hannu, yana yi mini jajen mota. Ni kuwa har yau na kasa kallon idonsa.

Allah ya kare iyalinka daga irin wannan rana, ya sa ka da tausayi.

Wassalam.
Garba mai manja, Obiagu.