Inna, Kyanwarki Ta Haye Kogi a Cikin Randa

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in kai miki ƙarar Toka, kyanwarki. Kowa a gidan nan ya gaji da jin ƙorafina, saura ke.

Inna, cikin duk abin da kika bari, babu wanda ya wahalar da ni kamar wannan dabbar. Wata bakwai ke nan ina ba ta abinci, ina kwashe mata ƙazanta, amma har yau idan na kira ta sai ta dube ni kamar na zo roƙo. Baba kaɗai take kulawa. Shi kuma tun rasuwarki ba ya sa hannu a kwano sai tana zaune gefen tabarmarsa. Ya ɓare banda, ya ba ta tsoka, ya ci saura.

To, ranar Litinin ta ɓace.

Na leƙa ƙarƙashin gado, na hau kan rufin kwano da tsakar rana har tafin ƙafata ya yi bororo. Na bi unguwa gida gida. Maƙwabtanmu da ba sa jin Hausa na yi ta tambayarsu da Larabci ko sun ga bisse mai ruwan toka, wasu su jajanta, wasu su bari sai na juya su yi dariya. Mace da girmana, da mayafina, ina durƙusawa bakin kwata ina kis-kis. Na sa hotonta a waya, mutane suka yi ta aiko min da hoton kowace kyanwa da ke Injamena. Wani ma har daga unguwar Lamaji ya kira, na biya kilando, babur ɗin haya, na je, na tarar da wani ƙaton muzuru mai ido ɗaya.

Duk wannan da sauƙi. Baba ne ya daina cin abinci. Litinin ya ce ba ya jin yunwa, Talata ya sha shayi kawai, Laraba ko shayin ya bari ya huce. Bai yi min faɗa ba, kin san shi. Sai dai ya zauna yana kallon bakin ƙofa, ga maganin da likita ya ce kada ya sha da cikin wofi. Na ji tsoro, Inna, na kuma ji haushi. Ni da ya haifa ina tsaye da kwano a hannu, shi yana jiran kyanwa.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga ƙanwarki, Gwaggo Asabe, daga Waliya, can ƙetaren kogi. Ta zo godiya.

Nan ne laifina yake, bari in faɗa da bakina. Kin tuna tsohuwar randarki ta ƙauyen Gawi, wadda ta tsage tun ina makaranta kika hana a yar? Kullum cewa kike, “Tsagewa ba mutuwa ba ce, Hauwa.” Ranar Lahadi na tattara zannuwanki da suka rage bayan rabo, na cusa a cikinta, don idona ya huta da ganinsu. Litinin da safe na kifa faifai a bakinta, na ɗaure da igiya, na ɗora wa mai kilando ya kai wa Gwaggo ta yi sadaka da su. Ban leƙa ciki ba. Me zai sa in leƙa?

Gwaggo ta zauna ta jero addu'a. Ta gode da randa, ta gode da zannuwa, ta kuma gode da kyanwa, wai ɓeraye sun dame ta dama. Ashe Toka ta shige can ƙasan zannuwan ta yi kwanciyarta, aka haye gada da ita. Gwaggo kuwa ta ɗauka har da ita a cikin sadakar, shi ya sa ba ta kira ba. Kwana uku ina yawo a rana, ita tana ƙetaren kogin Shari tana cin ɗanyen kifi.

Na bi Gwaggo muka tafi. Na same ta a cikin randar, ta naɗe a kan zanenki mai ruwan goro. Na miƙa hannu, ta yakushe ni. Na gwada da banda, ta ƙi. Na rantse sai na fito da ita, na sunkuya na cusa kaina cikin randar.

Inna, turarenki na nan. Turaren wutar da kike turara kaya da shi ranar Juma'a, yana nan kamar jiya kika ninke su. Na daɗe a sunkuye. Gwaggo ta ɗauka kaina ne ya maƙale.

Haka na dawo da komai, randa da zannuwa da kyanwa, ina rungume da su a bayan babur, ina ba Gwaggo haƙuri a kan sadakar da na karɓe. Baba ya ci tuwo malmala ɗaya da rabi. Da ya gama, ya sa hannu cikin randar ya zaro ɗankwalinki, ya ninke, ya sa a aljihun rigarsa, bai dube ni ba. Ashe ranar Litinin ya ga fitar kayan. Ni kuma na yi ta neman kyanwa kawai.

Randar ta koma lungunta. Ba zan sake taɓa ta ba. Toka har yanzu ba ta kula ni, amma jiya da na zauna kusa da randar ba ta tashi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya ba Baba lafiya da ci. Ni kuma Ya ƙara min haƙuri da abin da kika bar min.

Taki mai gaggawa,
Hauwa