Garar da Na Ɓoye wa Masu Awon Ƙwai

Zuwa ga Shugaban Ɗakin Binciken Abincin Dabbobi, Garwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hauwa, ina kiwon kajin ƙwai a bayan gidana a Pitowa, ina kai wa 'yan kasuwar unguwar Roumdé Adjia da ke Garwa. Na rubuto a fili ne don sau biyu ina zuwa ofishinka ana ce mini kana taro. Tsoro ne ya sa ni riƙe biro, ba iya rubutu ba.

Na ɗaya. A farkon damina ma'aikatanka sun zo ƙungiyarmu ta masu kiwo, suka ɗauki ƙwai shida-shida a gidaje takwas. Wata malama a cikinsu ta yi mana bayani mai kyau. Ta ce duk abin da kaza ta ci yana barin alama a gwaiduwa. Za su busar da ita, su ƙona ɗan kaɗan a na'ura, sai a gane ko masara ce, ko waken suya, ko wani abu na jikin dabba. Ta kuma faɗa da bakinta cewa na'urar ba ta faɗin wace dabba ce.

Na biyu. Sakamako ya fito. Gidaje bakwai lafiya lau. Nawa ne kaɗai aka rubuta cewa akwai alamar abincin jikin dabba da ba a bayyana ba. Ban san wanda ya ɗauki hoton takardar ba, amma kafin ta iso hannuna ta zaga wayoyin kasuwa, da hatiminku a jiki.

Na uku, kuma nan ne laifina. Malamar ta tambaye ni abin da nake ba kajina, na ce masara da dusa da waken suya. Ban ce mata gara ba. Tun ina yarinya kakata ta koya mini: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan dawa, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri. Washegari a zazzage wa kaji, su yi ta wawaso. Tukwane goma sha ɗaya nake kifewa. Amma ranar, ga mutane da fararen riguna da takardun Faransanci, sai na ji kunyar a ce mai kajin zamani tana tonon gara kamar 'yar ƙauye. Na yi shiru don a ga wayewata, ga inda wayewar ta kai ni.

Na huɗu. Baba Tize ne yake niƙa mini abincin kaji. Dattijo ne Kirista, ya sauko daga duwatsu tun ba a haifi babbar 'yata ba, injinsa yana bakin titinmu. Ƙaninsa yana kiwon alade a can garinsu, kowa ya sani, ba a taɓa damuwa ba. Yanzu an haɗa wannan da takardarku, ana cewa jinin alade yake zubawa a niƙa, ya ciyar da Musulmi. Ranar Lahadi an jefi rufin injinsa. Wani ya rubuta masa mugun abu da gawayi a bango. Na ji ana maganar abin da za a yi bayan sallar Juma'a, kuma masu maganar ba su rage murya da suka gan ni ba.

Na je kasuwa na faɗi gaskiya. Aka yi mini dariya, aka ce rufa masa asiri nake yi, wai yaushe gara ta zama nama. Ranka ya daɗe, bakina ba shi da hatimi. Ina jin tsoro ƙwarai. Na san yadda irin wannan magana take fara ruruwa a unguwa, kuma mutumin nan da jikoki uku yake kwana a ɗakin da ke jikin injin.

Roƙona ke nan. A aiko a ɗebi garata da niƙan Baba Tize, a auna kowanne daban. Kafin sakamakon ya fito, a rubuta takarda mai hatimi da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a bayyana cewa awon bai ambaci alade ba kuma ba zai iya ambata ba, a karanta ta a kasuwa kafin Juma'a. In akwai hukunci, ni ce na ɓoye, ni za a hukunta. Nan gaba kuma a riƙa tambayar mutane abin da kaji ke ci, har da wanda ba a saya.

Jiya da la'asar Baba Tize ya zo gidana da wata jaka. Takardun haihuwar jikokinsa ne a ciki. Ya ce in ajiye masa ko wani abu zai faru, don a duk unguwar ni ya fi yarda da ita. Na karɓa ban iya kallon fuskarsa ba. Abin da na faɗa a kasuwa bai iso kunnensa ba, har yanzu bai san ni na jawo masa ba, sai a wannan wasiƙar zai ji.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka karanta wannan kafin Juma'a.

Wassalam.

Hauwa Mai Ƙwai, Pitowa.