Kuɗin da Aka Liƙa wa Murja

Kado, Abuja
Ranar Laraba

Zuwa ga maiɗakina, Hajiya Mashkura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Hafsah da sauran mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya sa kaffara ne. Na aiko da wannan ta hannun direban Zariya domin maganar ba ta waya ba ce, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da ofishin kwamiti.

Kin san ƙungiyar mazauna wannan rukunin gidaje ce ta ɗauke ni limanci. Ita ta ba ni ɗakin da nake kwana, kuma da alawus ɗinta muke riƙe karatun Hafsah. To, ranar Asabar suka yi wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe na cikar shekarar ƙungiya. Tun farko na shaida musu cewa ba na zaman kiɗa. Suka roƙe ni in buɗe taro da addu'a kawai, na yi, amma cunkoso ya tsare ni a bakin ƙofa, har na ga abin da ban so gani ba.

Akwai wata baiwar Allah, Murja, mai ƙyafa kifi a kasuwar Kado, wadda mijinta ya rasu. Ita ta fito a matsayin uwar da ɗanta ya tafi bai waiwayo ba. Makonni ta yi tana tashi daga kasuwa da wuri domin gwaji. Da ta ɗaga murya, Hajiya, sai na ga manyan ma'aikata suna share ido da bakin babbar riga. Jama'a suka taso suna yi mata liƙi har kuɗi suka rufe ƙafafunta. Ba ta sauka ba sai ga 'yan kwamiti da tsintsiya da buhu, suka share kuɗin suka tafi da su.

An biya mai gabatarwa, an biya mai kyamara da masu abinci, an biya Zacharias mai piyano, shi kam ya yi aikinsa. An biya Nazeer, ɗan shugaban ƙungiya, a matsayin darakta, alhali 'yan wasan sun ce in ya leƙo gwaji ma waya ce a kunnensa. Su kuwa da suka yi wasan, aka ce 'yan sa kai ne, aka ba su shinkafa a roba da takardar yabo.

Murja ta zo ƙofata ta durƙusa. Ta ce, "Malam, ni ba boko, amma a goshina aka manna, ba a goshin kwamiti ba." Washegari shugaban, Alhaji Lukmanu, ya iso da fara'arsa. Ya ce ai ni da bakina na ce kiɗa ba shi da kyau, saboda haka taimakonta za a yi kada ta ci haram, a saya wa masallaci darduma da kuɗin. Abin da yake so shi ne in sanar da hakan bayan sallar Juma'a da sunan hukunci. Ya kuma ambata, kamar wanda ya tuna a kan hanya, cewa ƙarshen wata za a duba batun sabunta zamana.

Ya bar mini ambulan, wai ladan addu'ar buɗe taro. Da na buɗe sai na ga takardun kuɗin da jirwayen hoda da ƙurar tsintsiya. Wallahi sai da na tashi na wanke hannuna. Ban taɓa zaton karatun da na yi a gaban malamaina zai zama abin da ake share haƙƙin matar da mijinta ya rasu da shi ba.

Ki taya ni da addu'a. Ki gaishe da Iya.

Mijinki,
Lawal

Kado, Abuja
Ranar Litinin

Zuwa ga Hajiya Mashkura,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ki. Saƙonki ya iso, da man zafin da dakakken yajin, Allah Ya saka da alheri. Na ji daɗi da gwiwar ta lafa. Na kuma karanta shawararki cewa in ce ba ni da lafiya, in bar na'ibi ya yi sanarwar. Na san tausayin Hafsah ne ya sa ki faɗi haka, ban ga laifinki ba. Sai dai ban iya ba.

Ranar Juma'a, bayan an sallame na miƙe. Na ce ra'ayina a kan kiɗa yana nan, bai canza ba. Amma idan kuɗin nan ƙazanta ne, da wace fuska za mu sa goshinmu a kan abin da aka saya da su? Idan kuwa masu tsarki ne, to kyauta ta wanda mai bayarwa ya nufa ce. Sannan na roƙi waɗanda suka yi liƙin, ga su nan a sahu, na san fuskokinsu, mutum ɗaya ya tashi ya faɗi wa ya nufa.

Hajiya, babu wanda ya motsa. Wanda na gani yana kuka ranar wasan ya sunkuya yana gyara safarsa. Wani ya ciro waya. Yawancinsu a ƙarƙashin Alhaji Lukmanu suke aiki a ma'aikata, ko suna neman ya sa musu baki a wani wuri. Daga baya ɗaya ya same ni a wurin alwala ya raɗa mini, "Malam, gaskiya ka faɗa, amma oga ne fa." Ji na yi kamar in sake alwala.

Na bi Murja har kasuwa na miƙa mata ambulan ɗin. Ta duba ciki, ta dube ni, ta ce, "Ashe kai ma an biya ka, Malam." Ba da izgili ta faɗa ba, shi ya sa ma ta fi yi mini ciwo. Ta karɓa ta yi godiya. Ragowar haƙƙinta kuwa ya tafi.

Jiya aka shimfiɗa sabuwar dardumar, koriya ce mai laushi, ana ta yaba wa shugaba. Ni a kan simintin baranda na ja sallah, suka bi ni daga ciki. Yau da safe sakatare ya zo ya gode mini bisa hidimar da na yi, ya ce an samu matashin da zai ci gaba, ya nemi makullin ɗaki kafin Alhamis.

Littattafaina za su riga ni isowa, a ajiye su inda ruwa ba ya zuba. Kada ki gaya wa Hafsah komai game da makaranta. Ni na yanke, ni zan zaunar da ita in faɗa mata da bakina.

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki.

Mijinki,
Lawal