Ƙafar Rago Daga Kalgo

Gwandu, daren Alhamis, watan Rajab

Yau na dawo daga Kalgo da ƙafar rago, rabon wanzami. Wanzaminsu ya rasu, aka kira ni askin suna. Maigidan ya ce, "Buhari, ka dawo garinmu mana, kawunanmu duk sun cika da suma."

Nan Gwandu kowane gida da wanzaminsa na gado, ni sai abin da Yaya, magajin askar Baba, ya rage mini. Amma Kalgo ga sauro, ga ƙaramar kasuwa, ga nisa da kabarin Baba.

Duk da haka na gaya wa Inna ina so in koma can. Na zaci za ta hana. Ta juya naman, ta ce, "Da hannunka ka samo wannan?" Na ce e.

Ta ce, "To wasa askarka. Ni gobe zan ɗaure tukwanena."