Ɗakin Jinyar Inna a Jamus

Yaya Badruddeen,

Ina gaisuwa. Yaya iyali da mutanen Nasarawa Gwom? Ni lafiya lau, sai dai sanyi da kewa.

Ka ce in zana maka marigayiya Inna ka rataye a falo. Ba zan zana ba. Zane ana kallonsa a wuce, mutum-mutumi a zagaya shi. Ɗakin jinyarta na gina a zauren baje koli, da tabarmar, da fo, har da zarnin. Dole mai kallo ya sunkuya ya shiga, a rufo masa ƙofa. Jiya wata Baturiya ta fito tana kuka. Baƙi sun shiga inda kai ka tsaya daga bakin ƙofa.

Don Allah ka aiko min hankicin da kake toshe hanci da shi. Shi kaɗai ya rage aikin ya cika.

Allah ya jiƙanta.

Ƙanwarka,
Sumayya