Ɗari da Biyar Bai Kai Arba'in da Biyar Ba

Gummi, 3 ga Maris

Injiniya Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka ne saboda tarbiyyar Inna, ba don na damu da yadda ka kwana ba.

Ka daina kiran wayata. A rubuce nake son maganarmu, domin na ga yadda zance yake juyawa a bakinka.

Shekara biyu muna ofis ɗaya a Anka, muna gina wa ƙungiya manhajar da ke fitar da sunayen yaran da gubar dalma ta kai 45 a jininsu, don a kira su magani. Tun farko na gaya maka Python, yaren kwamfutar da muke rubuta ta da shi, ba ya tambayar mutum ko abin da ya zuba masa lamba ce ko rubutu. Na ce mu sa wa kowane gurbi alamar nau'insa, mu kunna mai tantancewa, wato abin da ke ƙin karɓar duk abin da bai dace da alamar ba. Ka yi dariya, ka ce tsoron 'yan makaranta ne. Na sa duk da haka.

Fatiha, ɗiyar yayana Atiku, shekararta uku. Sakamakonta 105 ne, amma sunanta bai fito ba. Wata huɗu tana ƙauyen Dareta tana wasa, har ranar da jijjiga ta kama ta. Ta rayu, sai dai tun daga ranar ba ta sake magana ba.

A gaban kwamitin binciken ƙungiya ka ce Zubaida ce ta rubuta ɓangaren fitar da sunaye. Gaskiya ne, kuma aka sallame ni. Makon jiya na daure na buɗe kwamfutata, na bi tarihin gyare-gyaren manhajar. Ranar 9 ga Agusta kai ka cire alamata, ka mayar da gurbin sakamako rubutu. Shi kuwa rubutu harafi-harafi ake gwada shi: ɗaya tana zuwa kafin huɗu, sai kwamfuta ta ce 105 bai kai 45 ba. Sunanka yana kan layin da aka gyara.

Na ji ranar 20 ga wata za ka gabatar da manhajar a Bukkuyum. Zan zo da kwamfutata.

Wassalam,
Zubaida

Anka, 6 ga Maris

Malama Zubaida,

Wa alaikumussalam. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Inna da sauran iyali. Allah Ya ba Fatiha lafiya, amin.

Ban musa ba, ni na taɓa layin. Amma ki ji yadda aka yi. Kina hutun jinyar Inna, ma'aikatanmu suka kira ni daga Tungar Guru. Kin san ƙaramar na'urar gwaji, idan guba ta fi ƙarfinta kalma take rubutawa maimakon lamba. Mai tantancewarki ya ƙi karɓar kalmar, manhaja ta tsaya cik. Mata fiye da arba'in suna layi da goyo, ga hadari ya taso. Sista Saude, shugabar ma'aikatan, tana ce mini, "Injiniya, ko ka buɗe mana ko mu tattara mu tafi." Na cire alamar, na buɗe. Na gwada da kalmar, na gwada da 60, na gwada da 20, duk suka fita daidai. Ban tuna da sakamakon babban ɗakin gwaji ba, wanda yake iya haura ɗari.

Har yau ra'ayina shi ne, mun zaɓi yaren nan don sauƙinsa. Tantancewa a cikinsa zaɓi ce, ba tilas ba, kuma aikin ƙauye ba ya zuwa da tsari irin na littafi. Kwamiti kuma bai tambaye ni wa ya yi gyara ba.

Don Allah kada ki zo Bukkuyum. Idan kika tona wannan a bainar jama'a, za a dakatar da aikin gaba ɗaya, yara ne za su cutu.

Na gode. Ki huta lafiya.
Kamaluddeen

Gummi, 9 ga Maris

Injiniya,

Salamu alaikum.

Kada ka sake fakewa da yara a wasiƙar da za ka aiko mini.

Mai tantancewa bai yi laifi ba a Tungar Guru. Ihu ya yi, ya ce ga abin da ban gane ba. Aikin awa ɗaya ne ka ware wa kalmar gurbinta, ka bar lamba a lamba. Kai kuwa sai ka toshe masa baki. Na yarda zaɓi ce, ni ma ba na sa alama a 'yan gwaje-gwajen da nake yi wa kaina. Amma wa ya ba mutum ɗaya ikon zaɓa wa ɗiyan mutane?

Na mayar da alamomin a kwafin da ke hannuna, na sake tace bayanan tun daga Agusta. Ban da Fatiha, akwai yara bakwai da suka haura ɗari, babu ko ɗaya da aka kira. Waɗanda suka fi kowa buƙata su kaɗai manhajarka ta zubar. A ranar na tura wa Sista Saude sunayen. Ta samu shida. Na bakwai, Junaidu, an binne shi a Tungar Guru tun Disamba.

Ka san abin da Atiku ya ce mini a asibiti? "Zubaida, ke da kanki? Mi ɗiyata ta yi miki?" Wata biyu ke nan, idan na shiga gida sai ya fita. Inna tana kai mini abinci ɗaki kamar mai takaba.

Ba na neman ka ba ni haƙuri. So nake ka tsaya a gaban mutane, idanu su yi maka yawa, ka ji abin da na ji. Na buga layin a takarda, kwafi talatin.

Sai mun haɗu.
Zubaida

Anka, 14 ga Maris

Zubaida,

Wa alaikumussalam. Ina gaida Inna, in za ta amsa.

Akwai abin da tarihin da ke hannunki bai nuna ba. Kwana biyu kafin zaman kwamiti na gano kuskuren. Na gyara shi a ɓoye, amma ban sake tace tsofaffin bayanai ba, don na san abin da zai fito da kuma wanda zai nuna. Yaran nan shida, jiran wata guda na ƙara musu da hannuna.

Jiya na je Tungar Guru. Mahaifin Junaidu ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, yana yi mini godiya a kan aikin da muke yi musu. Na kasa sha.

Na kunna mai tantancewa a manhajar gaba ɗaya. Wurare talatin da ɗaya masu matsala ya nuna mini. Ki zo Bukkuyum, amma ki bar ni in faɗa da bakina. In na kauce ko da kalma ɗaya, ki raba takardunki. Bayan nan ina roƙon ki yafe mini.

Wassalam,
Kamaluddeen

Gummi, 23 ga Maris

Kamaluddeen,

Salamu alaikum.

Na ji ka a Bukkuyum, a layin gaba nake. Ba ka kauce ba. Duk da haka na raba takardun, kuma ban yi nadama ba.

'Yan kwamiti sun ce in koma aiki in karɓi kujerarka. Na karɓa, da sharaɗin babu mai kashe tantancewa shi kaɗai, ko da ni ce. Jiya Atiku ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "An kwana lafiya?"

Batun yafiya kuwa, ba ni ce a farkon layi ba. Ka jira ranar da Fatiha ta yi magana, ka tambaye ta.

Allah Ya sa mu dace.
Zubaida