Baba, Takarda Ba Bango Ba Ce

Baba,

Na fita aiki kana barci.

Da nake shara na tsinci takardu huɗu a ƙarƙashin kujerarka, duk sun huje. Na san abin da ya faru. Shekara talatin kana fentin gidajen mutane, idonka ba ya ganin fari ya ƙyale, sai ka bi, ka sake bi. To wannan zane ne da fentin ruwa, takarda ba ta ɗaukar shafawa sau uku.

Jiya ka ce wa Mama hannunka ya tsufa, ka haƙura da koyon zanen. Ban yarda ba. Ka tuna zanen butar shayin da ka bari rabi saboda maƙwabci ya yi sallama? Farin da ba ka samu ka rufe ba shi ya zama ƙyallin butar. Mama na gani ta gane kayarta, har lotsawar gefen.

Yau ka shafa sau ɗaya, ka ajiye buroshi, ka je hira har ya bushe.

Zanen butar yana jakata, ka yi haƙuri. Na san in na bar maka shi, kafin in dawo ka gyara shi.

Autarka